Babi na Huɗu: Abin da Ba a Rubutawa a Fayil

Duk wanda ya taɓa kwana a asibiti yana jinyar ɗan'uwa ya san fayil ɗin da ake ajiyewa a teburin nas. A cikinsa ake rubuta zafin jiki, da awon jini, da ledar ruwa nawa aka ɗaura, da ƙarfe nawa aka yi allura, da wanda ya yi ta. In wani abu ya taso, shi za a buɗe a ga ko an yi aiki ko an yi sakaci. Amma a duba shi daga bango zuwa bango, ba za a sami layin da aka ware don rubuta cewa an ja labule kafin a buɗe wa tsoho jiki ba, ko an tsaya an saurari abin da ya hana wata baiwar Allah barci. Wannan ɓangare na aikin jinya ba shi da gurbi a takarda, kuma shi ake fara yadawa da zarar aiki ya sha kan ma'aikata.

An ma auna abin. A 2014 Jane Ball da abokan aikinta suka wallafa amsar da suka samu daga ma'aikatan jinya kusan 3,000 a asibitoci 46 na Ingila. Tambayar ita ce: a aikinku na ƙarshe, me ya kamata ku yi amma lokaci bai bari ba? Kashi 86 cikin 100 suka ce sun bar aƙalla abu ɗaya. Ba kasafai aka bar maganin rage zafin ciwo ko aikin da likita ya rubuta ba. Abin da aka fi bari, a bakin kashi 66, shi ne zama da mara lafiya a yi masa magana, a kwantar masa da hankali.

Masanan da za mu duba a wannan babi sun sadaukar da rayuwarsu ne wajen sama wa wannan ɓangare suna da tsari, yadda za a iya koyar da shi a aji, a kuma tuhumi wanda ya bar shi.

Tunanin ba sabo ba ne. Mun san labarin Rufaida Al-Aslamiyya da hemarta a masallacin Madina, inda aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan kibiyar da ta same shi a Yaƙin Khandaƙ, shekara ta 5 bayan Hijira, don Annabi (SAW) ya riƙa duba shi daga kusa. Florence Nightingale kuwa, wadda ta jagoranci mata 38 zuwa asibitin soja na Scutari a Santambul a 1854, an fi tuna ta da fitila da tsabta. Amma wanda ya karanta ɗan littafinta na 1859 zai tarar ta damu ƙwarai da ƙananan abubuwa: kada a tsaya ana raɗa inda mara lafiya zai tsinkayi muryoyi ya kasa jin abin da ake faɗa, a zauna inda zai ga mai magana ba sai ya murɗa wuya ba, kada a nuna masa ana sauri.

Sai a tsakiyar ƙarni na 20, da karatun jinya ya fara samun gindin zama a jami'o'in Amurka, aka fito da tambayar fili: in an cire bin umarnin likita, wane ilimi nas ta mallaka na ƙashin kanta? Hildegard Peplau ta amsa a 1952 cewa alaƙar nas da mara lafiya ita kanta tana warkarwa, tana da matakai, kuma ana koyon ta. Jean Watson ta Jami'ar Colorado ta ɗora a 1979, da littafin da ya kai sunanta makarantun jinya na duniya. Ta ce yaƙi da cuta daban, kula da mutumin da ke ɗauke da cutar daban, kuma na biyun shi ne ƙashin bayan aikin jinya. Ta jera abubuwa goma da suka haɗa da raya fata da imanin mara lafiya, da gina amana, da barin sa ya faɗi baƙin cikinsa ba tare da an katse shi ba. A ganina Watson ta fi ƙarfi a tushe. Rubuce-rubucenta na baya-baya sun yi nisa cikin zurfafan maganganun ruhi, har ɗaliba ta haddace abubuwan goma don jarrabawa ba ta san inda za ta sa su da ƙarfe biyun dare ba. Amma tushen yana nan daram. Ranar da likita ya ce an yi iya yi, aikin nas bai ƙare ba, akwai leɓen da za a jiƙa, akwai jikin da za a juya kada ya yi gyambon kwanciya, akwai iyalin da za a kira su matso.

Wadda ta sauko da zancen ƙasa ita ce ɗalibar Watson, Kristen Swanson. Ita ba daga falsafa ta faro ba. Matan da suka yi ɓari ta bi tana tambaya: a cikin duk abin da aka yi muku, wanne kuka ji a ranku kulawa ce? Daga nan ta koma ɗakin jarirai bakwaini da masu tsananin ciwo, ta saurari iyaye da ma'aikata, sannan ta saurari 'yan mata masu jego da ke cikin ƙuncin rayuwa. A 1991 ta fitar da abin da ta tace: kulawa tana tafiya ne a kan abubuwa biyar, wato sanin mutum, da kasancewa tare da shi, da yi masa abin da ya kasa, da ƙarfafa shi ya iya da kansa, da riƙe yaƙinin cewa zai tsallake.

A takarda sun yi kama da wa'azi. Sai an kai su bakin gado ake gane aiki ne.

A ɗauka an kawo yarinya cikin dare, cikin fari, wata uku, jini ya ɓalle. Uwar miji ce ta rako ta. An tsayar da jinin, an yi wankin ciki, an ɗaura ruwa. A fayil an gama. Yarinyar ta juya fuska bango, ba ta ce uffan ba. Nas da ba ta san mutanenta ba za ta ce ai ta yi dauriya, ta wuce gado na gaba. Wadda ta sani ta san kunyar cikin fari ba ta barin yarinya ta yi kuka a gaban suruka. Sai ta ce, "Mama, don Allah ko za ki ɗan samo mata ruwan zafi?" Da tsohuwar ta fita, ta jawo kujera ta zauna, ba ta tsaya a kanta ba. "Ƙanwata, sannu. Me ke ranki?" Wannan tambaya ita ce sanin da Swanson take nufi, domin ɓari ɗaya ne amma abin da yake nufi ga kowace mace daban. Wata ɗan take kuka. Wata gorin dangin miji take hangowa. Wata tsoro take ji ko ba za ta sake samu ba. Wannan kuwa, bayan dogon shiru, cewa ta yi, "Sista, daka na yi shekaranjiya."

Ga inda ilimi da tausayi suke zama abu ɗaya. Nas ta san kusan rabin ɓarin da ake yi a watannin farko daga halittar ɗan tayin ne tun ranar da cikin ya shiga, aikin gida na yau da kullum ba ya jawo shi. Ta faɗa mata haka dalla-dalla, in uwar mijin ta dawo ta maimaita a gabanta, don maganar ta isa gida tare da su. Ta canja mata zanin da ya ɓaci ba tare da ta yamutsa fuska ba. Ta gaya mata abin da za ta lura da shi bayan sallama: zazzaɓi, ko wari, ko jinin da ya ƙi tsagaitawa, ta dawo ba tare da jiran gari ya waye ba. Ta gaya mata cewa mafi yawan matan da suka yi ɓari sau ɗaya suna haihuwa lafiya daga baya. Sannan ta ce Allah ya mayar da alheri. Addu'ar nan kowa zai yi ta, amma ta fi shiga zuciya in ta zo bayan an saurara. Duka-duka abin bai fi minti goma ba, kuma kowane mataki a cikinsa ana iya nuna wa ɗaliba shi, a sa ta gwada, a gyara mata, daidai da yadda ake koya mata neman jijiya.

Nas ɗin nan ta yi nasara ne saboda ta san al'adar gidan da yarinyar ta fito, kuma wannan fagen Madeleine Leininger ne. A shekarun 1950 tana aiki da yara masu matsalar ƙwaƙwalwa a Cincinnati, ta lura ma'aikata suna yi wa yaran da suka tashi cikin al'adu mabambanta kallo ɗaya, abin kuma ba ya tafiya. Ta koma ta karanci ilimin al'adun ɗan'adam, ta je ta zauna cikin mutanen Gadsup a tsaunukan gabashin Papua New Guinea a shekarun 1960. Abin da ta dawo da shi yana da saukin riƙewa. In nas ta ci karo da al'ada, hanya uku ce a gabanta: ta raya ta in mai amfani ce, ta yi sulhu da ita in ana iya daidaitawa, ko ta taimaka a sauya ta in tana cutarwa, amma tare da masu ita.

Mu kawo shi ɗakin masu jego na ƙasar Hausa. Uba yana so ya yi wa jariri kiran salla a kunne, sai a ba shi wuri. Mace ta fi so mace ta duba ta, mai azumi yana tambayar ko za a mayar masa da maganinsa sahur da buɗa-baki, waɗannan a zauna a duba abin da zai yiwu. Amma akwai na ukun. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, cikinsu har da Davidson da Parry, suka ba da rahoton yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa da tsananin zafin wankan jego da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta. Haka nan zubar da dakashi, alhali shi ne rigakafin farko na jariri. Nas da ta ce wa kaka "wannan duk jahilci ne" ta gama magana da ita har abada, za a amsa mata da to, a koma gida a ci gaba. Wadda ta ce, "Iya, wankan nan a yi shi, amma a surka ruwan, kanwar kuma a janye hannu, kin ga ƙafarta ta fara kumbura," ta sami abokiyar aiki a cikin gidan. Ra'ayin Leininger yana da nasa haɗari, domin mai ƙaramin sani zai iya mayar da shi jerin "Bahaushe kaza yake, Bafulatani kaza yake". Maganin wannan shi ne tambayar da Swanson ta koyar, a tambayi mutumin da ke kwance, kada a tambayi ƙabilarsa.

To in an san duk wannan, me ya sa ake wulaƙanta marasa lafiya? Amsa mafi sauƙi ita ce wasu ba su da imani. Abin da ya faru a asibitin Stafford na Ingila tsakanin 2005 da 2009 ya nuna amsar ba ta isa ba. A can an bar tsofaffi kwance cikin najasarsu, an ajiye abinci da ruwa inda hannunsu ba ya kaiwa, suna danna ƙararrawa babu mai zuwa. Julie Bailey, wadda mahaifiyarta ta rasu a asibitin a 2007, ta yi makonni tana kwana a gefen gadonta saboda abin da idonta ya gani, daga baya ta haɗa iyalai suka matsa sai an yi bincike. Rahoton Robert Francis na watan Fabrairun 2013, mai shawarwari 290, bai tsaya kan ma'aikatan da ke bakin gado ba. Ya nuna shugabanni sun sa ido kan alƙaluman kuɗi da cika ma'aunin gwamnati, sun rage ma'aikata, masu ƙorafi kuma aka toshe musu baki. A ƙarshen 2012 babbar jami'ar jinya ta Ingila, Jane Cummings, ta ƙaddamar da ɗabi'u shida da ake so a ga kowace nas da su, ciki har da tausayi da ƙwarewa da ƙarfin halin faɗar gaskiya. Abu ne mai kyau, amma takardar da aka manna a bango ba ta juya mara lafiya. Binciken Linda Aiken a asibitoci 168 na jihar Pennsylvania, wanda aka wallafa a 2002, ya gano cewa duk mara lafiya ɗaya da aka ƙara wa nas, haɗarin mutuwar wanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 yana ƙaruwa da kashi 7 cikin 100, yiwuwar nas ɗin ta ƙone da gajiya kuma da kashi 23.

Akwai abin lura a labarin Julie Bailey. Kwanan da ta yi a gefen gado baƙon abu ne a Ingila, a wurinmu kuwa shi ne tsarin. Mai jinya shi ke ba da abinci, shi ke kai fo, shi ke wanki, shi ke zaryar kemis. Zumunci ne da ya kamata mu gode wa Allah a kansa, amma yana rufe giɓin da ke cikin asibitocinmu. Wanda yake son sanin gaskiyar kulawa a kowane ɗakin kwanciya, ya nemi gadon wanda ba shi da kowa: almajirin da mota ta buge, ko tsohuwar da 'ya'yanta ke nesa.

Ɗakin haihuwa shi ne inda abin ya fi ciwo, domin nan ne ake shiga ba dangi. A 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sanarwa ta musamman kan cin zarafin mata masu naƙuda. A 2019 mujallar Lancet ta wallafa binciken Meghan Bohren da abokan aikinta a Nijeriya da Gana da Gini da Myanmar, inda aka zauna ana kallon haihuwa, aka kuma bi mata gida aka tambaye su. Fiye da kashi ɗaya cikin uku sun gamu da mari ko tsawa ko zagi ko ƙyama, abin ya fi tsanani daga minti 30 kafin haihuwa zuwa minti 15 bayanta, kuma ƙananan mata da marasa karatu suka fi shan sa. Ungozoma za ta ce, "In ban daka mata tsawa ba, ba za ta yi nishi ba, ɗan zai galabaita." Tsoron nata gaskiya ne, ita kaɗai ce a kan mata da yawa, in an rasa jariri ita za a kama. Amma marin ba ya fito da ɗa, abin da yake yi shi ne ya bi matar gida ya zama labari a gidan suna. Ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna kashi 39 cikin 100 na haihuwa a Nijeriya ne ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 16. Nisa da kuɗi da izinin miji duk suna ciki, amma "ba zan je a zage ni ba" ma dalili ne da ake ji a bakin mata. Ana cikin haka kuma, a 2024 hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta Nijeriya ta ce ma'aikata kimanin 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Kowace da ta tafi, gadajenta sun koma kan wadda ta rage.

Ban yarda a fake da ƙarancin ma'aikata a wanke kowane laifi ba. Akwai kulawar da ba ta cin lokaci. Kate Granger likitar tsofaffi ce a Ingila da sankara ta kama tana da ƙuruciya. Tana kwance a 2013 ta lura ma'aikata da yawa suna taɓa jikinta ba su ko faɗi sunansu ba, sai ta fara kamfe a Twitter cewa kowa ya fara gabatar da kansa kafin ya fara aiki. Kafin rasuwarta a 2016 asibitoci da dama sun karɓa. Mu da muka ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma bai kamata a koya mana wannan ba. "Baba, ina kwana, ni ce nas ɗinka yau, zan ɗan juya ka, riƙe hannuna." Babu ƙarin albashin da ake jira kafin a faɗi haka, ko kafin a daina kiran mutum da lambar gadonsa.

Sai dai wadda za ta faɗi hakan sau talatin a dare ita ma mutum ce. Tun 1992 Carla Joinson ta yi rubutu kan ma'aikatan jinya da zuciyarsu ta gaji da tausayi har ta dakushe. Binciken Tania Singer da Olga Klimecki ya taimaka wajen gane dalili. Sun nuna cewa ɗaukar zafin wani a zuba a rai, da jin ɗumin son a taimake shi, hanyoyi ne daban a ƙwaƙwalwa. Na farkon yana gajiyarwa har mutum ya fara gudun mai ciwo, na biyun yana ƙara kuzari, kuma ana iya horar da mutum a kansa. Ke nan nas da ta zama dutse sau da yawa ba haka ta fara ba, ta ɗauki kaya ne shekara da shekaru ba inda za ta sauke.

Wani lauya a Boston, Kenneth Schwartz, wanda sankarar huhu ta yi ajalinsa a 1995, ya bar cibiya don wannan matsala, saboda abin da ya gani na kirkin ma'aikata lokacin ciwonsa. Daga cibiyar aka samo wani zama da ake yi galibi wata-wata, na awa ɗaya. Likita da nas da mai shara da mai tura gado su haɗu a ɗaki ɗaya, mutum biyu ko uku su ba da labarin wani mara lafiya da ya tsaya musu a rai, sauran su saurara su faɗi nasu. Ba a neman mai laifi, ba a tattauna magani. An kai tsarin Ingila a 2009, kuma binciken da Jill Maben ta jagoranta, wanda ya fito a 2018, ya sami raguwar damuwa da kusan rabi a tsakanin masu halarta a kai a kai, alhali waɗanda ba sa zuwa kusan ba su canja ba. Zaman ba ya buƙatar na'ura ko kuɗin waje. Ɗaki yake so, da mai jagora da aka horar, da metiron da za ta tsara jadawalin aiki yadda wasu za su riƙe marasa lafiya har awar ta cika, wata mai zuwa kuma a yi musanya.